Zafin cikin silin zai iya ɗumama ruwan ful a Zariya? Ga lissafin kafin a fasa bango

Duk mai wurin ninkaya a Zariya, gida ne ko otal, ya san daga ƙarshen Nuwamba har wajen ƙarshen Fabrairu ful ɗin nan ado ne kawai. Ruwa garau, famfo yana ta aiki, ana ta zuba kulorin ana kashe kuɗi, amma ba mai shiga, yaro ya tsoma ƙafa ya janye da gudu. Alhali da azahar kwanon gidan ko taɓuwa baya yi. Toh daga nan tunanin ya taso, tunda zafi yana taruwa a banza tsakanin kwano da silin, me zai hana a kwashe shi a zuba a ruwa? Tunanin ba shirme bane, a Amurka akwai kamfani a jihar Minnesota mai suna SolarAttic da ya daɗe yana ƙera na'urar wannan aikin, kuma tana aiki. Amma gidajensu ba irin namu bane, iskarsu ba irin tamu bace, wutarsu ma daban, shi yasa nake son mu warware maganar a tsanake kafin wani ya ɗauki miliyoyi ya zuba.

Na'urar kanta ba wani sihiri a cikinta. Akwati ne, a ciki akwai siraran bututu da aka lanƙwasa suna kai da komowa, an soke su ta cikin ɗaruruwan falle-fallen ƙarfe marasa kauri, sai babbar fanka. Lagireton mota ne aka juya aikinsa. A mota ruwa ne mai zafi iska take sanyaya shi, a nan kuma iska ce mai zafi, ruwan ful ne mai sanyi, fanka ta zuƙo iskar cikin silin ta tura ta tsakanin fallayen, zafin ya ratsa ƙarfe ya shiga ruwa, ruwan ya sauko ya koma ful da ɗan ɗumi, iskar kuma ta fita ta ɗaya gefen ta huce. Iska da ruwa basa haɗuwa, ƙarfen ne ɗan aike tsakaninsu. Ba gas, ba kwamfiresa, ba ƙarfen hita, wutar da ake ci ta fanka ce da ta famfon da dama can yana aiki.

Inda mutane ke ruɗuwa shine jiki yana yaudararmu game da yawan zafin. Ka ɗaga murfin silin da ƙarfe ɗaya na rana ka leƙa kai, wani hucin ne zai doke ka a fuska, ga warin kashin jemage ga ƙura, kafin ka kunna tocila gumi ya fara sauko maka a wuya, kwanon yana ta ƙas-ƙas yana miƙewa. Sai kace ai wannan zafin ko ruwan dam zai tafasa. Amma iska bata da nauyi, bata riƙe zafi mai yawa. In ka ɗauki ruwa da iska masu cin wuri ɗaya, zafin da zai ɗaga ruwan digiri ɗaya ya ninka na iskar sau kusan 3,500. Wannan lambar ita ce tushen komai a maganar nan.

Mu ɗauki ful na gida matsakaici, tsawo mita 8, faɗi mita 4, zurfi in aka daidaita mita ɗaya da rabi. Lita 48,000 kenan. Kowace lita dubu tana buƙatar kilowat-awa 1.16 kafin ta ƙaru da digiri ɗaya, wato dai yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa. Kaga ful ɗin gaba ɗaya yunit 56 yake ci a kan kowane digiri ɗaya tak. Ruwan da ake gasar ninkaya a cikinsa a duniya ana ajiye shi tsakanin digiri 25 zuwa 28, yara da tsofaffi ma sun fi son sama da haka kaɗan. Mu kuma Zariya tana kan tudu ne, sama da mita 600 daga teku, daren Disamba da Janairu yana sauka wajen 13 zuwa 15, ruwan da aka bari a buɗe ba abin mamaki bane ka auna ka ganshi kusa da 20. Ma'ana kana neman ƙarin digiri 6 ko 7, yunit wajen 350 zuwa 400, kuma wannan na ɗagawa ne kawai ba na riƙewa ba. In da hitar lantarki za'a yi, a farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, kowane digiri ɗaya naira 12,600 ne. Shi yasa maganar zafin kyauta take da daɗin ji.

Yanzu nawa silin zai bayar? Ace fankar tana tura iska mita kubik 4,000 a awa, wanda babbar fanka ce ba wasa ba, iskar ta shiga tana 42 ta fita tana 32. Wannan kusan kilowat 12 ne. Amma wannan a tsakiyar rana ne, da safe silin bai yi zafi ba, da la'asar ya fara hucewa, kuma da zarar fanka ta fara aiki ita kanta tana sauke zafin wurin tunda kwasa take yi. In ka samu awa 5 ko 6 masu kyau zaka tashi da yunit 40 zuwa 60 a yini. Digiri ɗaya kenan a rana, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. In ka ga talla da BTU, ma'aunin zafi na Amurka, kamar BTU 60,000 a awa, kilowat 17 da rabi ne, amma ka tambaya a wane bambancin zafi aka auna, domin adadin talla a rana mafi kyau ake ɗaukarsa, lokacin da silin ya fi ruwa zafi da nisa sosai.

Digiri ɗaya a rana ba kaɗan bane da ace ruwan yana riƙewa, cikin sati ka isa inda kake so. Matsalar hunturu ce. Iskar hunturu busasshiya ce ƙarau, tana shan ruwa, kuma duk litar ruwa ɗaya da ta tashi ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai yunit 0.68. Fuskar ful ɗinmu murabba'in mita 32 ce, in ruwa ya ragu da milimita 5 a yini, wanda ko kaurin fensir bai kai ba, lita 160 ce ta tafi, yunit 109, kusan digiri 2. Kana zuba ɗaya ta sama, iska tana kwashe biyu ta ƙasa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ma a nasu bayanan tace wajen kashi 70 cikin 100 na zafin da ful na waje ke asara ta wannan hanyar ne, balle mu da muke da hunturu. Ƙarfin busasshiyar iskar arewa wajen sanyaya ruwa ba sabon labari bane, da shi marigayi Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya ta ajiye tumatir da alayyahu a Jigawa har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin da ke taimakon mai tumatir shi ne ke cutar mai ful.

Saboda haka ni a wurina duk wanda bai sayi murfin ful ba bai kamata ya fara maganar na'urar silin ba, wallahi asarar kuɗi ce. Murfin leda ce mai kauri mai ƙurajen iska a jiki, tana kwanciya a kan ruwa, a rufe da magariba a buɗe lokacin shiga. Ita kaɗai tana tare mafi yawan tururin, tana rage ruwan bohol da ake ƙarawa, tana rage kulorin, tana tare ƙura. Mutane da yawa in suka sa murfi suka yi sati biyu suna aunawa sai su ga sun samu rabin abin da suke nema ba tare da an taɓa rufin gida ba. Amma fa a ji tsoron Allah game da yara, ledar nan bata ɗaukar mutum, yaro yana ganin kamar ƙasa ce ya taka ya shige ƙarƙashi ba wanda zai ganshi. In akwai murfi dole a sa shinge da ƙofa mai kulle, kuma ba'a iyo da murfi a rabi, a cire shi duka.

Bayan murfi sai awo. Ma'aunin zafi na dijital mai dogon waya ba tsada gareshi ba, a rataye kansa a cikin silin can sama kusa da ƙololuwar rufi amma kar ya taɓa kwano, wani kuma a ruwa, a riƙa rubutawa da ƙarfe 10, 12, 2 da 4. Kuma a Disamba ko Janairu za'a yi, ba a Afrilu ba. Wannan shine babban abin da nake jin tsoron mutane zasu tsallake. Lokacin da silin ya fi zafi a Zariya, Maris da Afrilu, lokacin ne ba wanda yake buƙatar a ɗumama masa ruwa, kowa sanyi yake nema. Lokacin da ake buƙata kuma rana ta karkata kudu, hazo ya rufe sama, akwai ranakun da ko dutsen Kufena baka hangowa sosai, iska tana kaɗa kwano tana sanyaya shi. A irin wannan ranar silin ɗin zai iya tsayawa a talatin da 'yan kai. In awonka ya nuna silin ya fi ruwa zafi da digiri 15 ko fiye na tsawon awa 4 zuwa 5 a yawancin ranaku, akwai abin kwasa. In bambancin bai kai 10 ba, a haƙura.

Ba kowane gida ne ma ya dace ba. Ginin soro na cikin birni mai azara da ƙasa babu fili a sama, ginin da aka yi wa dakin na kankare shima haka. Sai mai kwano da silin. A cikin masu kwanon ma akwai bambanci, alminiyam fari mai ƙyalli yana mayar da hasken rana da yawa, kwano mai duhu kamar ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi ko irin mai tsakuwa a jiki ya fi tara zafi. Wanda aka shimfiɗa masa takardar azurfa a ƙarƙashin kwano don rage zafi, toh an riga an toshe abin da kake nema. Wanda kuma gefen rufinsa yake a buɗe iska tana shiga tana fita, zafi baya zama. Dogayen rufin nan da ake yayi yanzu a sababbin gidajen GRA da Hanwa suna da fili sosai, aiki a ciki yana da sauƙi, amma ka tuna yawan fili ba shine yawan zafi ba, faɗin kwanon da rana ke duka shine ma'auni. Sai nisa, in ful yana can ƙarshen fili gida yana nan, kowace mita ta bututu tana cin ƙarfin famfo tana zubar da zafi.

Toh ace komai ya yi daidai, ga yadda ruwa zai bi. Daga ful zuwa famfo, daga famfo zuwa filtar yashi, daga filta sai bawul mai hanya uku, shi ne zai zaɓa ko ruwa ya hau sama ko ya wuce kai tsaye ya koma ful. Wanda ya hau ya ratsa na'ura ya sauko ya haɗu da layin komawa. In akwai injin zuba kulorin ko na gishiri, wato mai fitar da kulorin daga gishiri, a bayan wannan mahaɗar ake sa shi, ba a gaba ba, don kar ruwa mai ƙarfin magani ya riƙa wanke cikin na'urar. Kuma kar a taɓa tura ruwan da bai bi ta filta ba, ganye ɗaya da yashi sun isa su toshe siraran bututun. A sa bawul mai hana ruwa komawa baya a bayan filta, saboda in an ɗauke wuta ruwan da ke sama zai nemi ya sauko da ƙarfi ya bi ta baya ya tayar da dattin filta ya mayar ful. A can sama kuma a sa ɗan bawul mai barin iska ta shiga in famfo ya tsaya, in ba haka ba ruwan da ke sauka zai zuƙe bututun, roba mai zafi kuma tana iya lotsewa.

Tsawo yana da lissafinsa. Kowace mita 10 ta hawa tana ƙara matsin ruwa da bar ɗaya a agogon auna matsi. Gidan ƙasa mita 3 zuwa 4 ne, yawancin famfo mai ƙarfin doki ɗaya zai iya, gidan sama kuma mita 6 zuwa 7, a nan dole a duba takardar famfon a ga nawa yake turawa a wannan tsawon. A duba agogon filta kafin aiki da bayan aiki. Bututu kar ya gaza inci ɗaya da rabi, inci biyu ya fi in akwai nisa, kuma a rage yawan elbo. Wanda zai shiga cikin silin kar ya zama farin PVC na yau da kullum, iyakarsa wajen digiri 60 ne, daga nan ya fara laushi gam ya fara saki. CPVC ko PPR, koren nan da ake haɗawa da injin zafi, su suka fi jurewa, kuma PPR ɗin ana samunsa a shagunan kayan famfo na Sabon Gari. In da hali ma bututun ya hau ta wajen bango ya shiga ta gefen rufi, ya zama gaɓoɓin da ke saman ɗaki basu da yawa.

Akwai wani kuskure da kusan kowane mai aikin famfo yake yi da kyakkyawar niyya. An gama haɗawa, mai gida ya sa hannu a bakin da ruwa ke dawowa yace "Malam ni fa banji wani zafi ba." Sai shi kuma yace "Ranka ya daɗe bari in rage gudun ruwan," ya murɗa bawul, ruwa ya koma fita kaɗan-kaɗan da ɗumi sosai, kowa ya ji daɗi. Alhali an rage aikin ne. In ruwa yana gudu lita 8,000 a awa na'ura tana bada kilowat 12, ƙarin da zaka gani digiri ɗaya da ɗigo uku ne kacal, hannu da ƙyar zai ji, kuma haka ake so. Duk lokacin da ruwan cikin na'urar ya yi zafi, bambancinsa da iska ya ragu, zafin da yake karɓa ya ragu. Ruwa mai yawa da ɗan ɗumi ya fi ruwa kaɗan mai zafi. Da ma'auni ake gane aikin, ba da tafin hannu ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a duk maganar nan shine ɗigar ruwa. Kana ɗaukar ruwa mai matsi, dubban lita a awa, kana ratsawa da shi ta saman ɗakin kwana. Gaɓa ɗaya ta saki da rana kowa yana wurin aiki, famfo bai san komai ba zai ci gaba da turawa. Wanda ya taɓa ganin POP da ya sha ruwa ya san yadda yake, da farko tabo ne ruwan ƙasa mai zagaye, sai ya kumbura ya yi ciki, sai fenti ya fara ɓarewa, rana ɗaya ya rufto gaba ɗaya da fitilun da wayoyin da ke jikinsa. Saboda haka na'urar dole ta zauna a cikin tire mai zurfi wanda ya fi ta faɗi, tiren yana da bututunsa na zubarwa mai faɗi da zai fita waje ya zubo a inda ido zai gani, kamar gefen taga ko bakin ƙofar kicin, ba cikin kwata ba. A cikin tiren a sa makunni mai tasowa da ruwa, irin na tankin sama, wanda zai kashe famfo da kansa da zarar ruwa ya taru. Wannan ba ƙari bane, in mai aiki yace ba sai an sa ba a canza mai aiki. In akwai zaɓi a ɗora ta saman gareji ko baranda ko sito. Da damina kuma ko ba ɗiga zaka iya ganin ruwa a tiren, raɓa ce, iska mai laima in ta taɓa bututu mai sanyi tana zufa.

Nauyi ma a duba. Akwatin da ruwa a ciki yana iya wuce buhun siminti, ga girgizar fanka. Katakon da ke riƙe silin ba don wannan aka yi shi ba, kafinta ya shimfiɗa katako mai kauri a kan bango biyu ko a kan manyan raftoci, ya fara soka sukundireba ya tabbatar gara bata cinye cikinsu ba, a sa roba a ƙarƙashi don ƙarar kar ta sauko ɗaki. A ɗaga ta kusa da ƙololuwa inda iska mai zafi ke taruwa, kuma bakin fitar iska ya kalli nesa, in an samu a ja masa bututun iska zuwa ɗaya ƙarshen rufin, in ba haka ba iskar da ta huce zata juyo ta sake shiga, fanka tana ta juya abu ɗaya sauran zafin yana can gefe ba'a taɓa shi ba. Masu aikin su shiga da sassafe su fito kafin hantsi ya yi nisa, su taka katako kawai, a kashe wutar gidan tukuna don cikin silin ɗinmu cike yake da wayoyin da ɓera ya ɓare. Tsofaffin gidaje masu silin asbestos, irin kwatas na da a Samaru da Kongo da sauransu, kar a yanka shi da inji ko a huda, ƙurarsa tana jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru.

Sai ƙarfen da aka yi na'urar da shi. Na san tunanin da zai fara zuwa wa ɗan Zariya, a je wurin masu gwangwan a samo lagireton babbar mota ko na tsohuwar AC a ɗaura fanka. Don gwaji na kwana biyu a tsakar gida ba laifi, amma kar a haɗa da ruwan da mutane ke shiga. Alminiyam baya jure ruwan kulorin, zai hudu. Tsohon lagireto akwai dalma a like-likensa, akwai ragowar ruwan sanyaya inji wanda guba ne. Jan ƙarfe yana jurewa amma da sharaɗi, sai an riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, in ruwa ya yi tsami zai riƙa cin ƙarfen a hankali, ka fara ganin kore-kore a tayil, daga baya huji. Haɗin jan ƙarfe da nikel ya fi, titaniyam ya fi kowanne musamman ga ful na gishiri, amma tsada. Mai kula da ful da yake watsa kulorin da gwangwani ba awo, shi ne zai kashe na'urar cikin 'yan shekaru. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa da sanyi ke kashe musu 'ya'yan kifi a hunturu suma wannan dabarar zata burge su tunda ruwansu kaɗan ne, amma su jan ƙarfe haramun ne a layinsu, yana kashe kifi.

Wuta kuma, in daga Amurka aka yo oda a lura saurin juyawar wutarsu 60Hz ne, tamu kuma 50Hz. Fankar zata yi gudu ƙasa da yadda aka tsara da kusan kashi 17 cikin 100, iska ta ragu, wani motan ma ya riƙa zafi. A nemi mai 50Hz, ko a canza motan. Dole a sa ɗan kwantirola mai sensa biyu, ɗaya a silin ɗaya a ruwa, ya kunna fanka ya juya bawul in silin ya fi ruwa zafi sosai, ya kashe in bambancin ya ragu ko ruwa ya kai yadda ake so. In aka bar wa mai gadi ya riƙa kunnawa, wata rana za'a manta da ita har dare, da asubar Janairu kuma iskar silin ta fi ruwan sanyi, sai na'urar ta koma sanyaya ful ɗin. Ayi atin mai kyau, wato wayar da ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, a sa birekar da ke faɗuwa in wuta ta zurara, mai 30mA, domin ruwa ne da mutane a ciki. Abin daɗin shine lokacin aikin na'urar lokacin rana ne, mai sola zai iya tafiyar da famfo da fanka kai tsaye ba tare da ya wahalar da batir ba. Mai dogaro da NEPA kuwa, duk ranar da aka ɗauke daga 11 zuwa 4 ranar ta tafi a banza, in kuma janareto za'a tayar saboda ita, kyautar ta ƙare. Sannan in wuta ta dawo bayan ruwa ya daɗe a tsaye a sama, na farkon da zai sauko yana da zafi sosai, kar yaro ya kasance a bakin bututun.

Masu talla suna cewa riba biyu ce, ful ya yi ɗumi gida ya yi sanyi AC ta huta. Gaskiya ne silin yana hucewa in tana aiki. Amma a Zariya ribar biyun basa zuwa tare. Da hunturu ba wanda ke neman a sanyaya masa ɗaki, da bazara kuma in ka kunna ta don ɗaki ya huce ruwan zai haura 30 ya wuce, ba daɗin shiga, kulorin yana ƙonewa da wuri, gansakuka tana samun wuri. Inda zata fi amfani bayan hunturu shine Agusta, in an jera kwanaki ana ruwa ful ya yi sanyi sannan rana ta buɗe.

In mutum ya tambaye ni tsakanin wannan da shimfiɗa baƙin bututu a saman kwano ko a kan wata rumfa, a yawancin gidajen nan na biyun zan nuna masa. Rana tana dukan bututun kai tsaye ba sai ta bi ta kwano ta bi ta iska ba, ba fanka, in ya ɗiga a waje yake ɗiga, kuma kowane mai aikin famfo zai iya gyarawa. Abin da ake bi shine faɗinsa ya kai rabin fuskar ful zuwa daidai da ita, a misalinmu murabba'in mita 16 zuwa 32, yana kallon kudu. Aibinsa iskar hunturu tana sanyaya shi, ƙura tana rufe shi sai ana wankewa, kuma ba kowa ke son ganinsa a kan rufi ba. Otal da ke son tabbas ko da rana ko babu, injin ɗumama mai aiki irin na AC ya fi musu, yunit ɗaya na wuta yana bada wajen 4 ko 5 na zafi. Na'urar silin wurinta shine gidan da ke da babban kwano mai duhu, ful ƙarami kusa da bango, ga sola ga murfi, mai gidan kuma baya son a ga komai a saman rufinsa.

Wanda ya cika waɗannan ya sa, kafin a biya cikon kuɗin aiki a cika layin da ruwa a bar famfo yana gudu yini guda mutum yana sama da tocila yana shafa kowace gaɓa da busasshen tsumma, a zuba bokitin ruwa a tiren a ga ya fita waje kuma makunnin ya kashe famfo, a ɗauke wuta da gangan a saurari ko bututu yana bugawa. Da hunturu kuma duk sati biyu ko uku a hau a duba fallayen, ƙura da kashin jemage suna like su su hana iska wucewa, a sa raga mai wankuwa a bakin shigar iska, fallayen kuma da buroshi mai laushi ake share su a bi tsawonsu, in aka goga a karkace lanƙwashewa suke yi.